Ɗan yayana yana maimaita hujjojin mulhidai a kan addini da mulki: da me zan amsa masa?

Malamin Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Ɗan yayana, wanda yake hannuna tun rasuwar mahaifinsa, yana karatun jami'a a Khartum kafin yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma tun da ya dawo gida nake jin hujjojin mulhidai a bakinsa. Bai ce ya bar Musulunci ba, yana ma bin mu masallaci, amma da zarar hira ta faɗa kan halin da ƙasa take ciki sai ya ce shigar addini cikin mulki da makaranta ne ya kai Sudan ga wannan rami. Yakan kawo dokokin Satumba na 1983, wato dokokin shari'a da shugaba Numairi ya kafa, da rataye malamin nan Mahmud Muhammad Taha a kurkukun Kobar ranar 18 ga Janairun 1985 bisa tuhumar ridda, da sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991 wanda ya tanadi hukuncin kisa a kan ridda, da ɓallewar Kudu a 2011 bayan yaƙin da aka yi ta kira jihadi. Abin da ya fi damuna shi ne duk waɗannan abubuwa sun faru ina raye, ba zan iya ce masa ƙarya yake yi ba. Ina tsoron in yi masa tsawa in rasa shi, ina kuma tsoron in yi shiru ya ɗauka ba mu da amsa.

Baffa na Mai Wurno

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa riƙon maraya. Ka tuna wa yaron cewa Taha bai mutu yana musun Allah ba, mutum ne mai salla da yake da fahimtarsa, kuma Numairi da ya sa hannu a kan hukuncin kisansa ya faɗi daga mulki cikin Afrilun shekarar nan, wata uku bai cika ba. Mai neman tsare kujerarsa ne ya yafa rigar addini, kuma mafi yawan waɗanda suka sha wuya a hannun irin waɗannan masu mulki Musulmi ne masu imani.

Sannan ka tambaye shi a ina kakanninsa suka koyi karatu. Da iyayenmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, babu wata gwamnati da ta gina musu makaranta. Allo da tawada da wutar kara da asuba su ne suka sa talaka ya iya rubuta wasiƙa da lissafin gadonsa. Kuma rikicin da ya ci rayukan mutanenmu a jihar Shuɗin Nilu a watan Yulin 2022 a kan ƙasa da sarauta aka yi shi, babu wanda ya tambayi wani aƙidarsa kafin ya ƙona masa gida.

Malama daga Kassala

Baffa, ina neman afuwa, amma ina ganin wannan amsa ba za ta ishi yaron ba, domin zai ce duk lokacin da aka yi ɓarna sai mu ce masu mulki ne suka yi amfani da addini, to me ya sa amfani da shi yake da sauƙi haka, kuma ina malamai suke lokacin da ake yi? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma wajibi ne mu amsa ta da gaskiya.

Mu mata mun san abin da dokar kula da tarbiyyar jama'a ta yi mana kafin a soke ta a Nuwamban 2019. An gurfanar da 'yar jarida Lubna Husaini a 2009 saboda ta sa wando, ita duniya ta ji labarinta, amma masu sayar da shayi a bakin titi da aka riƙa kwashe wa kujeru da butoci babu wanda ya san sunayensu. A makaranta kuwa, abin da mulhidai suke suka ina ganinsa da idona. Wata yarinya a ajina ta taɓa ɗaga hannu ta tambayi yadda masana suke gane shekarun ƙasusuwan da ake tonowa a ƙasa, kafin in buɗe baki sai 'yan ajin suka fara yi mata a'uzubillahi, ta sauke hannunta ta sunkuyar da kai, kuma har ƙarshen zangon ban sake jin muryarta ba. Babu ayar da ta hana wannan tambaya, amma mun rene su a kan cewa tambaya rashin ladabi ce. Ku tuna kuma yadda Umar al-Garrai ya ajiye shugabancin cibiyar tsara manhaja a Janairun 2021, bayan an tayar da ƙura a kan zanen Mikelanjelo, mai zanen nan na Italiya, da aka sa a littafin tarihi na aji shida, har Firayim Minista na lokacin, Abdalla Hamdok, ya dakatar da sabuwar manhajar. Ko mutum ya ƙi zanen, ya kamata ya damu da cewa hoto ɗaya ya tsayar da gyaran karatun ƙasa baki ɗaya. Makarantun allo da Baffa ya ambata alherinsu ba ya musuntuwa, amma binciken BBC na 2020 ya nuna yara ɗaure da mari a wasu daga cikinsu, kuma kare martabar allo yana buƙatar mu ne za mu fara yin tir da hakan.

Shawarata, Malam, ka amsa masa duk abin da yake gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, daga nan ne zai saurare ka a kan abin da kuka saɓa.

Ɗalibi a Bur Sudan

Kawu, ni sa'an ɗanka ne, kuma na zauna da masu irin wannan ra'ayi da yawa. Galibinsu haushin mulkin Kezan, wato masu ra'ayin Musuluncin siyasa na gwamnatin Umar al-Bashir, na shekara talatin ne yake cin su, sai suka tarar da shafukan Facebook da suke ba wa haushin nasu suna. Yana da kyau ka rarrabe masa abubuwa biyu da yake haɗawa. Neman a raba addini da gwamnati matsayi ne na siyasa, wanda Hamdok da jagoran 'yan tawaye Abdul'aziz al-Hilu suka sa wa hannu a Addis Ababa a Satumban 2020, kuma akwai masu salla da azumi da suke goyon bayansa, kamar yadda akwai masu adawa da shi. Musun samuwar Allah magana ce daban, kuma zaluncin Numairi ko na Bashir ba ya tabbatar da ita.

Raunin hujjarsu shi ne zaton cewa in an kawar da addini zalunci zai tafi. Albaniya ta rufe masallatai da coci-coci a 1967, ta kuma kasance cikin ƙasashen da suka fi ƙuntata wa jama'arsu. Ka kuma tambaye shi su wane ne suke ciyar da mutane a takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, a Omdurman tun da aka fara wannan yaƙi, da abin da yake sa mutum ya ɗora tukunyar waken adas don baƙin da bai sani ba alhali harsashi yana wucewa.

Roƙona ɗaya shi ne kada maganar ta fita unguwa. An soke hukuncin ridda a Yulin 2020, amma kalma ɗaya daga bakin maƙwabci tana iya jefa shi cikin haɗari a wannan lokaci.

Malamin Gadarif

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Maganar ba za ta wuce ɗakina ba, kuma zan zauna da shi bayan sallar isha'i in fara da abubuwan da na yarda ya yi gaskiya a kansu. Malama, tambayar da kika kawo ta inda malamai suke lokacin da ake yanke waɗancan hukunce-hukunce ita ce na tabbata zai yi mini. Idan akwai wanda ya san malaman Sudan da suka fito fili suka ƙi amincewa da dokokin 1983 a lokacinsu, ina roƙon ya ambata mini su da abin da ya same su.