Hoto mai baƙin baya: me zan saya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata amarya ce ke son irin hoton nan da bayanta zai yi baƙi ƙirin, fuska da ado kaɗai su fito. Na rataya baƙin yadi, amma toka-toka yake fitowa, har yamutsewarsa ana gani. Wane yadi zan saya?

Hajiya Mai Studiyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye kuɗinka tukuna. Idan ta jingina da yadin, hasken da ya sauka a fuskarta shi ne zai sauka a kansa. Matso da ita gaba kamar mita 2, fitilar kuma ka kawo ta kusa da ita, daga gefe. Duk sanda nisa daga fitila ya ninka, ƙarfin haske sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Nisan nan ne ke baƙanta baya.

Baban Amira: Gaskiya ne Hajiya. Amma in dai za a saya, karammiski ya fi, domin yana shanye haske. Ka duba Kantin Kwari. Ka guji mai sheƙi, kuma da hunturu ka riƙa kakkaɓe shi, ƙura na nunawa.

Ɗan Fagge: Na gode. Saitin kyamara fa?

Malam Mai Nikon: ISO (yadda kyamara ke jin haske) 100, shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) 1/200 na daƙiƙa, faɗin ƙofar shigar haske kuma f/8. Ɗauki ɗaya ba filasha. In ya fito duhu gaba ɗaya, sai ka kunna filasha ka daidaita ƙarfinta da fuskar.

Hajiya Mai Studiyo: Abin da ya fi damuna shi ne fatarmu. Amarya baƙa ko wankan tarwaɗa, ta ɗaura ɗankwali mai duhu, sai kanta ya narke cikin bangon. Sa ƙaramar fitila a bayanta daga sama, ta zana kafaɗa da gefen ɗankwali. Don Allah kar ka ƙara haske har ka canza mata launi, kalarta ita ce kyan hoton. Ta ɗan shafa hoda a goshi saboda maiƙo.

'Yar Zinder: Mu masu waya fa, Hajiya?

Hajiya Mai Studiyo: Tsayar da mutum a bakin ƙofar ɗaki mai duhu, yana fuskantar waje, inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Taɓa fuskarsa a allon wayar, ki ja hasken ƙasa.

Ɗan Fagge: Zauren gidanmu zai yi ke nan. Gobe in sha Allahu zan gwada, in turo ku gani.