Rak ɗin S5-115U ya fara gardama: a nemo na hannu ko a koma S7-1500?

ƊanDakace

Assalamu alaikum, manyanmu. Akwai wata masana'antar matse man waken suya a nan Zariya da har gobe Siemens S5-115U, tsohuwar kwamfutar sarrafa injina (PLC), ke tafiyar da layinta. Rak ɗin, wato ƙarfen da katunan na'urar ke jere a jikinsa, CR 700-2 ne, da katin wuta PS 951, CPU 943 (katin da ke gudanar da furogiram), katunan shiga 430 guda uku, na fita 451 guda biyu, analog 460 ɗaya, sai IM 306, katin da ke raba wa gurabe adireshi, a ƙarshe. Gurbi na 6 babu kowa a cikinsa.

Tun tsakiyar hunturu CPU take faɗawa STOP da fitilar QVZ (alamar wani kati bai amsa ba) a kunne, sau biyu ko uku a mako, galibi da rana lokacin da injin niƙa ke aiki. An sauya katin 451 na gurbi na 4 da wani, bai hana ba. In an danne katin da hannu aka sake tayarwa, sai ta yi kwana biyu lafiya. Zargina yana kan allon bayan rak ɗin. Mai wuri ya ce kwana biyu kacal zai iya tsayar da aiki. Mu nemo rak na hannu ne, ko lokacin sauya komai ya yi?

TsohonFanel

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka ɗora sukuddireba a kan komai: a 115U batirin da ke riƙe RAM, ma'ajiyar da ke gogewa in wuta ta yanke, ba a jikin CPU yake ba, yana cikin PS 951, kuma ta allon bayan nan wutarsa ke isa CPU. Ka zare CPU ko katin wuta daga rak, duk abin da ke RAM ya tafi. Kada EPROM ɗin da ke maƙale a gaba, ma'ajiyar da ba ta gogewa, ya ruɗe ka. Abin da aka ƙona masa tun ranar kafa injin shi ke ciki. Gyare-gyaren da aka yi bayan nan, da alƙaluman zafi da lokaci da masu aiki suka yi shekaru suna daidaitawa a cikin DB (tubalan ajiye alƙaluma), duk a RAM suke zaune.

Saboda haka aikin farko kwafi ne. Ka samu STEP 5, manhajar rubuta furogiram ɗin S5, a tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ainihin ƙofar siriyal, ko S5 for Windows na IBHsoftec, da wayar TTY mai shiga soket mai fil 15 na CPU. Ka janyo duka tubalan furogiram, wato OB, PB, FB, SB da DB, zuwa fayil ɗin S5D, ka sa manhajar ta gwada shi da abin da ke CPU, ka ajiye a wuri biyu. Bayanin sunayen adireshi ba ya zama a CPU, in ba a samu tsohon fayil ba sai dai zanen wayoyi ya fisshe ka.

Sannan kada ka yanke wa rak hukunci tukuna. QVZ cewa kawai take an kira kati bai amsa ba. Layukan bayan S5 na tarayya ne, duk katunan a kansu suke rataye, don haka kati ɗaya mai ciwo a gurbi na 1 yana iya sa na gurbi na 4 ya kasa amsawa. Haka ma in 5V ta yi rauni. Ka auna ta lokacin da layi ke cikin aiki da zafin rana, ba da sassafe ba. In tana sauka ƙasa da 4.75V, kafasitocin PS 951 ne suka bushe, kuma sabon rak ba zai warkar da wannan ba. Ka karanta ISTACK, inda CPU ke rubuta dalilin tsayawarta, duk lokacin da ta tsaya: in NAU ka gani, wuta ce ta ɗauke ko ta yi ƙasa wajen komawa janareta, ba rak ba.

Tunda kana da IM 306 da gurbi a buɗe, gwajin kyauta ne. Bayan kwafi, ka kashe wuta, ka mayar da 451 ɗin gurbi na 6, ka buɗe murfin IM 306 ka ba gurbi na 6 adireshin da na 4 yake da shi, shi kuma na 4 ka ba shi adireshin da ba kowa a kai. Furogiram ba ya buƙatar taɓi ko ɗaya. In mako biyu suka wuce shiru, soket ɗin gurbi na 4 ne, ka kuma sami lokacin shiri.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba: saka OB 23 da OB 24, tubalan da CPU ke kira in an samu QVZ, fanko don CPU ta daina tsayawa. Za ta daina, amma katin fita zai riƙa ɓacewa injin yana gudu ba wanda ya sani.

InjiniyarSamaru

Baba ya gama magana a kan kwafi. In gwajin ya tabbatar rak ne, sauyin aikin yini ɗaya ne, matuƙar an shirya.

Rak ɗin kansa ba wani abin kirki a cikinsa, allo ne da soket-soket a jikin ƙarfe. Abin da ke kashe shi a nan ƙurar hunturu ce da ke haɗuwa da tururin mai ta zama danƙo a cikin soket, damina ta zo ta jiƙa ta, jijjigar injin niƙa kuma ta tsattsaga dalmar da ke riƙe fil. Wanda za ku saya na hannu shi ma tsoho ne, don haka a duba shi da tocila da gilashin ƙara girma: fil da ya lanƙwashe ko ya nutse ciki, kore-kore a bakin soket, zoben tsaga a kewayen dalma. A sa mita a gwada kowane layi daga gurbin farko zuwa na ƙarshe. Lambar ta zama 6ES5 700-2LA12 ko daidai da wadda ke jikin naku. CR 700-1 kamarsu ɗaya a ido, amma ba duk katin da 700-2 ke ɗauka yake ɗauka ba.

Ranar aiki, a ɗauki hoton maɓallan IM 306 da na gaban kowane kati. A manna wa kowane filogin gaba mai fil 46 lambar gurbinsa, a cire shi da wayoyinsa a rataye, ba a kwance waya ko ɗaya. Katunan ana kwance sukurun sama da ƙasa ne, a ɗago ƙasan, sannan a zare daga maratayin sama. Ga inda mutane ke karya soket: bayan kowane kati akwai ɗan dunƙulen roba mai gida biyu, rabinsa yana zama a jikin rak in an zare katin. Rak na hannu yakan zo da ragowar na tsoffin katunansa. In kati ya ƙi zama, ba ƙarfi yake so ba, wancan ɗan robar za a ciro a sa nasa. A mayar da wayar ƙasa mai kauri a jikin rak, a kan ƙarfe mai tsabta ba kan fenti ba. A sa sabon batirin lithium, a share CPU gaba ɗaya, a loda kwafin, a gwada fita ɗaya-ɗaya da fiyus ɗin kontaktoci a cire.

Ko da wata rana za a cire IM 306, kada a bar gurbinsa haka nan. Akwai filogin rufewa da ke zama a wurin, in babu shi CPU za ta tsaya da PEU, wato alamar ɓangaren katunan bai shirya ba.

MaiKontrol

Duk daidai ne, amma a gaya wa mai wuri gaskiya: S5 tun 1979 ta fito, Siemens kuma ta rufe babinta a 2020. Yau rak, gobe CPU. Kuma kada wani ya sayar muku da S7-300 a matsayin sabon zamani, ita ma an sanar da fara janye ta tun Oktoban 2023. In za a sauya, S7-1500 ce: CPU 1511-1 PN ta ishi wannan layin, katunan shiga DI 32 uku, na fita DQ 32 biyu, analog AI 8 ɗaya. Ba ta da allon baya irin wancan, kowane kati da ɗan mahaɗinsa mai siffar U da ke haɗa shi da maƙwabcinsa, furogiram kuma a katin ajiya yake, ba batiri.

Wayoyi ba su ne wahalar ba, Weidmüller da Phoenix Contact suna yin adafta da tsohon filogin gaba ke shiga kai tsaye. Wahalar tana furogiram. Ana bi ta manhajar juya fayil ɗin S5 da ke cikin STEP 7 V5, sannan a shigar TIA Portal, manhajar S7-1500, kuma ba ta gama aikin. S5 tana ƙirga DB da kalma, S7 da bayit, don haka DW 10 ya zama DBW 20. Manhajar tana gyara na fili, amma duk inda aka lissafo adireshi da umarnin DO DW sai an bi da hannu. Analog kuma katin 460 yana ba da 512 zuwa 2560 a kan 4 zuwa 20mA, a ture hagu da bit uku, FB 250 ke fassarawa. S7 tana ba da 0 zuwa 27648. A bar tsohon lissafi, zafin tukunyar gasa wake zai nuna abin da ba shi ba. OB 21 da OB 22, tubalan tayar da CPU, su koma OB 100. Sai muguwar: tsofaffin masu rubutu kan yi jinkiri ta ƙirga zagayen furogiram maimakon taima. Sabuwar CPU ta ninka 943 sauri nesa ba kusa ba, jinkirin daƙiƙa biyar tsakanin tashin na'urar matsa da bel mai kawo wake sai ya zama ƙiftawar ido. Allon mai aiki da ke magana da AS511, harshen sadarwar S5, shi ma ba zai bi ku ba.

TsohonFanel

MaiKontrol, ban musa ba, amma ba a kwana biyu ba, kuma ba yanzu da waken bana ke shigowa ba. A gyara rak, a sayi PS 951 na ajiya, a haɗa sabuwar a kan tebur ana gwada ta da maɓallai da fitilu. Sauyin a bar shi sai tsakiyar damina da kaya ke yankewa, tsohon rak kuma ya zauna a fanel har sabuwar ta yi wata guda tana aiki.

ƊanDakace

Allah ya saka da alheri. An yi kwafi, an kuma samu DB uku da suka bambanta da na EPROM. 5V tana 5.02 da azahar. Mun mayar da katin gurbi na 6. A soket na 4 akwai baƙin danƙo, a wanke shi da fetur?

InjiniyarSamaru

A'a Malam, fetur yana cin roba. Isopropyl da burushi mai laushi, wuta a kashe, a bar shi ya bushe sarai. Kada a kankare fil da sanfefa, ruwan zinaren da ke kai siriri ne ƙwarai. Iskar kwamfuresan masana'anta ma tana ɗauke da ruwa da mai, bulowar hannu za a sa. Sannan a sauya matatar fankar fanel ɗin, a toshe ramukan da wayoyi ke shiga ta ƙasa, don ta nan danƙon ya bi.