Kujerar tatsuniya a dandalin unguwa: wane ice ne zai jure damina da hunturun Jos?

Maman Sadik, Gangare:
Assalamu alaikum. A layinmu akwai fili a gindin wani mangwaro inda yara ke taruwa bayan Isha'i. Mun roƙi Inna, surukata, ta riƙa yi musu tatsuniya duk daren Asabar, don ɗana ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf amma bai san Ƙoƙi ce matar Gizo ba. Ta amince, sai dai ciwon gwiwa ya raba ta da tabarma, kujerar roba kuma ta ce ita ba biki ta zo ba. Mu matan layi mun yi karo-karo, muna so a sassaƙa mata kujera mai majingina wadda za ta zauna a waje dindindin. Wane ice za mu nema? Sannan wani yaronmu ya ce a sassaƙa Gizo a jikin majinginar. Me kuka gani?

Tsohon Masassaƙi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kirya za ki nema. Da ita ake turmi, kin kuwa san abin da turmi ke sha a tsakar gida, ga duka ga ruwa ga rana. Gara ba ta cika kula ta ba. Aibinta nauyi, da cin bakin gizago, don haka masassaƙi zai tsuga miki kuɗi, kada ki ce ya zalunce ki. In ba a samu gungumen da ya isa ba, a koma madaci. Maje da rimi kada ki yarda ko kyauta ne, damina biyu sun gama da su.

Abin da ya fi nau'in icen muhimmanci shi ne bushewarsa. In kika je Kasuwar Katako aka ba ki ɗanye, zai yi kyau a ranar, amma da iskar Disamba ta busa za ki ji ya tsage. A Jos ruwa na sauka tun daga Afrilu har Oktoba, saboda haka kada ƙafafunta su taɓa ƙasa. A ɗora su kan duwatsu, abin da ba mu rasa ba a garin nan. A ɗan karkata mazaunin, ko a huda shi, don kada ruwa ya kwanta. A shafa Solignum, maganin da ke kare katako daga gara da ruɓewa, a ƙasanta. Baƙin man inji na korar gara, gaskiya ne, amma zanin Inna zai gaya muku.

Malam Na Rikkos:
Hajiya, batun Gizo a bar shi a bakin Inna. Wasu iyayen ba za su so siffar mai rai a wurin zaman yaransu ba, kuma ba kwa son abin alheri ya zama gardama. Dagi ya wadatar. Ku duba kujerun Nupawan Bida, daga gungume ɗaya ake fitar da su, ado cike da samansu, duk zane ne na layi da kusurwa.

Ummi 'Yar Jami'a:
Anti, ni tsayin ne damuwata. Na ga hotunan irin waɗannan kujeru a makarantun Turai, dogaye kamar karagar mulki. Tamu tatsuniyar ba haka take ba. Mai cewa "ga ta nan, ga ta nanku" tana son jin "ta zo mu ji ta" daga kusa, ta miƙa hannu ta taɓa wanda ya fara gyangyaɗi. A ɗara kujerar tsakar gida kaɗan kawai, a sa mata madafa ta hannu don tashi.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai. Baba, kirya za mu nema, amma yaya zan gane busasshiya tun a kasuwa?

Tsohon Masassaƙi:
Kada ki je ke kaɗai. Tafi da wanda zai yi aikin, ya ƙwanƙwasa ya ji amon, ya sare ɗan gefe ya duba cikin. Kuma ki kai shi ya auna Inna a zaune kafin ya ɗaga gizago.