Neman shawara: kwabon Rumawa da wata tsohuwa ta bar mini a Iskandariya

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Shekara 6 muna Iskandariya ta ƙasar Masar, maigida ya gama karatu, wata mai zuwa za mu koma Kano. Tsohuwar da muke haya a gidanta ita ta riƙe ni da na haihu, ba uwa ba dangi, kullum tana dafa mini hulba. Mukan je Kom Dikka, kusa da tashar jirgin ƙasa, ta zauna tana kallon matakalan marmara 13 na dandalin Rumawa. Kafin ta rasu ta damƙa mini wani kwabon tagulla a ƙulle cikin hankici, duk ya yi kore, da hoton kan mutum a jiki. Ta ce mijinta ya tsince shi wajen haƙa tushen gini. In saka a jaka ko yaya? Wallahi barci ya gagare ni.

Abu Sadiƙ: Hajiya, kada ki kuskura. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta mai da kayan tarihi mallakar ƙasa, fita da su ɗauri ne. Garin nan zaune yake a kan tsohon birni, Kom Dikka ɗin ma sai wajajen 1960 aka tono shi. Ki miƙa wa hukumar kayan tarihi, magana ta ƙare.

Anti Balki: Ni turarena suka zubar a filin jirgi, kwalba uku, ko haƙuri ba su ba ni ba. Har yau abin na ci mini rai.

Baban Khalifa: Anya ba jabu ba ne? Irin su ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido.

Ummu Hafsa: Ƙanwata, ba kin ce da hoton kai ba? Ki fara tambayar malamai.

Maman Ilham: Ba jabu ba ne, matar nan ba ta ƙarya. Kuma ba sayarwa zan yi ba, ko hotonta ba ni da shi.

Abu Sadiƙ: Jami'in kwastan ba ruwansa da niyyarki. Me maigida ya ce?

Maman Ilham: Bai sani ba tukuna. In na kai wa hukumar kayan tarihin suka ce ina na samo, sunan mamaciya zan kira?

Anti Balki: Ki ba 'ya'yanta mana.

Maman Ilham: Anti, da tana so su riƙe, ai da su ta ba.