Shigar Harajuku ta shekarun 1990: sai da kayan asali, ko tela ma ya wadatar?

Dillalin Gwanjo:
Jama'a, duk mai son dawo da shigar titunan Tokyo ta shekarun 1990, in babu ko kaya ɗaya na wancan zamanin a jikinsa, shigar tashe ya yi. Ku ɗauki rigunan farko na A Bathing Ape, kamfanin tufafin da Nigo ya kafa. A 1993 Nigo da Jun Takahashi suka buɗe shagon Nowhere a lungunan bayan Harajuku, wata unguwa ta Tokyo, kuma 'yan kaɗan suke bugawa. Zanen rigar da ta shekara talatin ya tsattsage siri-siri, audugar ta yi laushi, baƙinta ya koɗe ya koma toka-toka. Babu telan da zai ɗinka wannan, kuma jabun da ake bugawa yanzu daga nesa ake gane shi, don fentinsa na da kauri da ƙyalli.

Malam Tela:
Alhaji, kasuwarka kake karewa. Duba hotunan mujallar FRUiTS da Shoichi Aoki ya fara a 1997. A ƙarƙashin kowane hoto ana jera abin da mutum ya sa, kuma sau da yawa za ka ga ɗinkin hannu ne ko gwanjo. Yaran nan kimonon gida, wato rigar gargajiyar Japan, suke yankawa su haɗa da kayan Turawa, su taka takalmin katako. Su kansu ba su jira kanti ba, ta yaya za a ce mu sai da kanti?

Abin da ido ke fara kamawa shi ne tsarin tsawo da faɗi. Siket a kan wando, misali: siket ya tsaya a gwiwa ko ƙasa kaɗan, wandon ya zama mai sauka miƙe. In duka biyun suka yi faɗi, mutum ya nutse a cikin yadi. Riga mai gajeren hannu a kan mai dogon hannu kuwa, ta saman ta fi ta cikin da lamba ɗaya, in ba haka ba hammata ta cushe.

Anti Mai Kanti:
Ni takalmi ne zai raba ni da Alhaji. Takalman nan masu tudu da 'yan mata suka yi yayi a zamanin tashen mawaƙiya Namie Amuro, wajen 1996, da yawansu ƙasansu na roba ne mai kumfa da ake kira foliyuriten. Wannan roba tana shan danshin iska tana ruɓewa a hankali ko da ba a taɓa taka ta ba. Za ka ga takalmi fes a kwalinsa, a sa shi, taku kaɗan ƙasan ya marmashe. Gam ba ya gyara shi, domin ba rabuwa ya yi ba, jikin robar ne ya mutu. In dole sai an saya, a danna ƙasan da babban yatsa, a ɗan lanƙwasa shi. In ya yi danƙo ko ya fara zubar da gari, a bar shi. Haka jaka da jaket na fatar roba, saɓulewa suke yi.

Safar nan mai tattara ta 'yan makaranta ma sabuwa ake saya, don robar tsohuwa ta saki. A nemi mai tsawon santimita 100 zuwa 120, a ja ta zuwa ƙasan gwiwa, a tara sauran a idon sawu har ya ɗan rufe bayan takalmi. Akwai gam na musamman, Sock Touch, da ake shafawa a ƙwauri don kada ta zame.

Dillalin Gwanjo:
Na bar miki takalmi, Anti. Riga da jaket na auduga ban bari ba.

Auta:
Malam, tunda ka ce tela ya isa, me ya sa yawancin siket ɗin Lolita, wato salon shiga irin ta 'yar tsana mai leshi, da ake ɗinkawa a gida yake kwantawa shakwaf, alhali na kamfanin Baby, The Stars Shine Bright yana tashi kamar ƙararrawa? Ai wannan hujjar Alhaji ce.

Malam Tela:
Ƙanwata, rowar yadi ce ke jawo shi. Bakin siket ɗin nan yana son mita biyu da rabi zuwa uku, a yanka shi miƙe a tattare shi duka a ƙugu. Masu ɗinki sukan sa mita ɗaya da rabi su ce ya isa. Na biyu, fatarin ciki ne ke ɗaga shi. Na raga yana tashi da farko, bayan 'yan sawa ya mutu. Na oganza, yadin nan shara-shara mai ɗan tauri, mai hawa biyu ko uku ya fi riƙewa. Fatarin ya gaza siket da santimita uku zuwa biyar: in ya leƙo ya ɓata, in ya gajarce da yawa bakin siket ya karye ya faɗo. Sai leshi. A sa na auduga marar ƙyalli. Leshin roba mai sheƙi da kaushi shi ne ke tona asirin ɗinkin arha, ko da komai ya yi daidai. Inda zan ba Alhaji gaskiya shi ne yadi mai zanen kamfani a bakin siket, wannan ba ya samuwa a kasuwa.

Yaya Mai Jins:
A wando ku biyun duk kun kauce. Jins irin na birnin Osaka, wato na kamfanoni su Studio D'Artisan da aka kafa a 1979 da Evisu na 1991, ba a neman tsohonsa, domin koɗewarsa ta bi gwiwa da zaman wani ne. Tela kuma ba zai iya ba, saboda yadin a tsohuwar masaƙa mai ƙoshiya ake saƙa shi, faɗinsa wajen inci 30, da rufaffen gefe wanda ake gani in an naɗe ƙafar wando. Sabo ake saya ɗanye, wato wanda ba a taɓa wankewa ba. In wanda ba a riga an tsuke shi a masana'anta ba ne, a ƙara inci ɗaya ko biyu a ƙugu, a juya cikinsa waje, a jiƙa a ruwan ɗumi kamar minti 40, a shanya a inuwa. Kada a rage tsawo kafin wannan jiƙon, don ƙafar kan ja da inci biyu ko fiye. Shuninsa yana zuba, wanda ya san rinin Ƙofar Mata ya san halinsa, don haka a nisanta shi da farin takalmi a watannin farko.

Anti Mai Kanti:
Wani abin da ba ku taɓo ba: ana cakuɗa unguwanni. Safa mai tattara da takalmi mai tudu na 'yan matan salon gyaru ne, cibiyarsu ginin kantuna mai suna 109 a unguwar Shibuya. Tarin shirin gashi da awarwaron roba kala-kala kuwa salon dekora ne, na Harajuku. Wanda ya haɗa su a jiki ɗaya, ko duk kayansa na asali ne, wanda ya san abin zai gane bai sani ba.

Auta:
Amma Anti, cakuɗawar ai ita ce Harajuku. Titin da ake rufe wa motoci ranar Lahadi, har aka daina a 1998, kowa da irin haɗinsa yake fitowa.

Anti Mai Kanti:
Suna cakuɗawa, amma da sani, kuma akwai abu ɗaya da ke jan ragama. A dekora kala ɗaya ce ke mulki, galibi ruwan hoda, sauran su bi ta.

Dillalin Gwanjo:
To ga mai son bin shawarata. A shafukan intanet na Mercari da Yahoo Auctions ake samun kayan, ta hannun masu saya wa mutum a Japan su aiko masa, irin Buyee. Kada a dogara da harafin M ko L, na Japan na lokacin ya fi ƙanƙanta. A shimfiɗa rigar da ta yi wa mutum daidai, a auna daga hammata zuwa hammata da kuma daga wuya zuwa ƙasa, a gwada da awon mai sayarwa. A nemi hoton lambar wuya da ta wanki, nan jabu ya fi yin tuntuɓe.

Malam Tela:
Kuma ka gaya musu kuɗin dako kan kai kuɗin rigar, Alhaji. Sannan yawancin hawa-hawan nan don sanyin Tokyo aka yi su. Mai sawa a Kano ko Zinder a watan Afrilu ya tsaya a hawa biyu, ya musanya ulu da auduga marar nauyi, fatarin oganza kuma a yi masa shafi na auduga, in ba haka ba ya manne a cinya da gumi.

Dillalin Gwanjo:
Rigar asalin ai auduga ce zalla, Malam. Ta saman ta zama tawa, ka ɗinka ta cikin.