Me za mu kira "acento" da Hausa? Mu gwada da chambear

'Yan uwa masu nazarin harshe, kalma ɗaya nake nema. Masu Sifaniyanci suna da abin da suke kira acento, wato gaɓa guda a kalma da ake furtawa da ƙarfi fiye da sauran.

Misalina chambear, kalmar bakin titi a Meziko da Peru, ma'anarta yin aiki, fita neman na tuwo. Daga sunan chamba, aiki, aka liƙa ɗafa-ƙeya -ear, kamar yadda muke ciro tsorata daga tsoro. Wannan ɗafin ba ya gajiya da haihuwa, shi ya ba su chatear da tuitear a zamanin intanet. Gaɓoɓinta uku, cham-be-ar, ƙarfin yana kan ta ƙarshe, ba a kuma sa mata alama domin ta ƙare da r. (Ch ɗinsu c ɗinmu ce, kar wani ya wahalar da harshensa.)

Ga inda gizo ke saƙa. Chambeo, ƙarfi a kan be, "ina aiki". Chambeó, ƙarfi a kan o, "ya yi aiki". Baƙi da wasali ba su canza ba, amma mai aikin da lokacin duk sun sauya.

Wani malami ya ce mini a bar shi karin sauti kawai. Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Karin sauti hawa da saukar murya ne, shi ya raba kukan yaro da kukar miya, kuma kowace gaɓa tamu tana da nata. Acento kuwa gaɓa ɗaya yake zaɓa ya fifita. In muka ba su suna ɗaya, ɗalibi zai rikice tun ranar farko.

Nauyin gaɓa ma an kawo, ya kuma yi daɗin faɗa, sai dai gidan da mai shi. Masu awon waƙa sun daɗe da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A ma'auninsu cham mai nauyi ce, alhali ba a kanta ƙarfin yake ba. Kalmar jaddadawa ma ba za ta yi ba, don ita ta jimla ce.

Ni dai na tsaya a kan bugu, irin na makaɗi da yakan sauke gula da ƙarfi a wuri ɗaya. Acento ya zama bugun gaɓa, sílaba tónica, wato gaɓar da ƙarfin ke kanta, ta zama gaɓar bugu, ɗan layin da ke kan ó kuma alamar bugu. Ku gwada a baki: "A chambear, bugu yana gaɓar ƙarshe."

Wani abu kuma, Bahaushe zai so ya tsinke murya tsakanin be da ar kamar a sa'a. Su ba sa tsinkewa, har ma a hirar Meziko sukan haɗe su, ka ji cham-biar, gaɓa biyu, bugun yana nan a ƙarshe bai motsa ba.

Wanda ke da abin da ya fi bugu, bisimilla.