Saura shekara biyu in yi ritaya, wa zan nema ya duba mini lissafi?

Malamar makaranta, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Saura shekara biyu in ajiye aiki. Wani yaro daga kamfanin inshora ya zo makarantarmu yana ta kwarzanta tsarinsu, wai za a riƙa biyanmu har ranar da rai ya yi halinsa. Washegari na kamfanin fansho ya ce kar mu kuskura. Kaina ya ɗaure. Wa kuka sani da zai zauna da ni tsakani da Allah?

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Kakuri: Wa alaikumus salam Malama. Duk wanda ya zo miki da shawara, ki fara tambayarsa wa ke biyansa. In kamasho yake ci a kan abin da kika sa wa hannu, to ɗan talla ne, ko da ya sa kwat. Gara ki biya mutum kuɗin zama na awa ɗaya ya faɗa miki gaskiya.

Akanta, Unguwar Rimi: Baba ya yi gaskiya. Yaran nan biyu ba ƙarya suke yi ba, rabin labari kowa ya ba ki. Dokar fansho ta 2014 ta buɗe hanya biyu. Ko ki bar kuɗin a asusunki, kamfanin fansho ya ci gaba da juya shi yana ba ki wata-wata, abin da ya rage bayan rasuwa ya koma ga magada. Ko ki miƙa shi ga kamfanin inshora ya biya ki muddin rai. A nan yawanci shekara 10 ce ke da lamuni: in mutum ya rasu a cikinta, iyali su karɓi ragowar, in ya wuce ta, babu gado. Kuma ga abin da ba su cika faɗa ba: daga hanyar farko ana iya komawa ta inshora, amma in kin shiga ta inshora ba dawowa. Don haka ba abin gaggawa ba ne.

Hajiya, Kawo: Ni dai saboda marayun da ke hannuna na bar nawa a asusu. Kuma Malama, in maganar ruwa na damunki, akwai Asusu na 6 da PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ta kawo a 2021, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar kuɗin ruwa. Rubuta wa kamfaninki kawai za ki yi.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci: Hajiya, abin da ya fi ba ni tsoro dunƙulallen kuɗin farko ne, wanda ake ba mutum a tashi ɗaya in ya yi ritaya. Yayana ya karɓi nasa, wani mai daɗin baki ya kai shi wani kamfani da ke alkawarin ninka kuɗi cikin watanni. Sau biyu aka biya shi, na uku ofis a kulle. Yanzu ni ke saya masa maganin hawan jini. Kowa ya duba sunan mai shawara a rajistar hukumar SEC, mai sa ido kan harkar zuba jari, kafin ya ba shi ko sisi.

Akanta, Unguwar Rimi: Allah Ya mayar da alheri. Malama, in gwamnatin jiha kike wa aiki, ki tuna a 2017 Kaduna ta koma tsarin fansho na karo-karo. Shekarun da kika yi kafin nan suna da nasu lissafin, ki je ofishin fansho na jiha ki tabbatar ranar ɗaukar aikinki da ranar haihuwarki sun yi daidai a ko'ina. Kuskuren harafi ɗaya a suna ma yana jawo zirga-zirga. Sannan mai shawarar ya lissafa miki tsadar rayuwa, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Wani ɓangare na kuɗin farko yana iya shiga sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, sau biyu a shekara ake biyan hayarsa.

Hajiya, Kawo: Ki kuma tafi da ɗanki ko ƙaninki ranar zaman. Kunne biyu ya fi ɗaya.

Malamar makaranta, Tudun Wada: Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin zan karɓo takardar bayanin asusuna. Malam Akanta, in na samu zan neme ka ta gefe, sai ka faɗa mini kuɗin zamanka tun yanzu, kar Baba ya ce kai ma ɗan talla ne.